JMX kai tsaye, bututun SSH, Jolokia ko Prometheus: ta ina za ka leƙa cikin uwar garken Java daga nesa?

Manhaja tana aiki a kan Tomcat, uwar garken da ke gudanar da manhajojin Java, a wata na'ura da ke Legas ko Frankfurt, mai kula da ita kuma yana zaune a Kano ko Maraɗi. Masu amfani sun fara ƙorafin cewa shafi ya yi nauyi, wani lokaci ma ya tsaya cak. In ya shiga na'urar ya buga umarnin top, abin da zai gani bai wuce cewa java tana cin furosesa da memori ba. Ba zai san ko memorin da aka ware mata ne ya cika ba, ko zaruruwan (threads) da ke karɓar buƙatu ne suka ƙare, ko kuwa duk sun yi cirko-cirko suna jiran rumbun bayanai. Amsar tana cikin injin Java, wato JVM, kuma tun fitowar Java 5 a 2004 injin yake ɗauke da hanyar bayar da ita, wadda ake kira JMX.

Tsarin ba shi da wuyar fahimta. Kowane sashe na injin, da na uwar garken da ke kansa, yana baje halin da yake ciki a wani abu mai suna MBean. Wanda ake kira java.lang:type=Memory zai faɗa maka yawan memorin da ake amfani da shi yanzu da iyakar da aka sa. A Tomcat kuma akwai na ThreadPool, mai nuna zaruruwa nawa ne ke kan aiki a cikin 200 da yake zuwa da su idan ba a taɓa saitin ba. Amma MBean ba na karatu ba ne kaɗai. Wasu suna da umarni a jikinsu: a tilasta sharar memori, wato kawar da abin da ba a amfani da shi, a canza matakin rubuta rahoto, a kwafe duk abin da ke cikin memori zuwa fayil, a tsayar da manhaja. Ka riƙe wannan, domin shi ne ya sa zaɓen hanyar haɗi ya zama batun tsaro tun kafin ya zama batun sauƙi.

Idan manhajar sa idon da injin suna kan kwamfuta ɗaya, babu wata wahala. Ka buɗe JConsole, manhajar sa ido da ke zuwa da kayan aikin Java, zai jero maka duk shirye-shiryen Java da ke gudu da sunanka, ka zaɓa. Daga nesa ne ake shan fama, kuma kafin ka taɓa wani saiti ya kamata ka amsa wa kanka tambaya ɗaya. Mutum ne zai zauna ya yi bincike yanzu-yanzu saboda abu ya lalace, ko kuwa na'ura ce za ta riƙa ɗaukar alƙaluma dare da rana tana ajiyewa? Yawancin wahalar da na ga mutane suna sha ta samo asali ne daga ɗaukar kayan aiki na farko a ɗora masa aiki na biyu.

JMX a kan RMI, ƙofa a buɗe

Wannan ita ce hanyar asali, ita ce kuma wadda za ka fara cin karo da ita in ka nemi bayani. RMI shi ne tsarin da shirye-shiryen Java ke magana da juna da shi ta hanyar sadarwa. Ana ƙara wasu saituttuka a umarnin da ke tayar da injin. A Tomcat wurinsu shi ne fayil ɗin bin/setenv.sh, a cikin CATALINA_OPTS. Kada a sa su a JAVA_OPTS, domin umarnin kashe Tomcat ma yana karanta wannan, sai ya yi ƙoƙarin buɗe ƙofar da take buɗe tuni, ya faɗi, uwar garken ta ƙi mutuwa.

```
-Dcom.sun.management.jmxremote.port=9010
-Dcom.sun.management.jmxremote.rmi.port=9010
-Djava.rmi.server.hostname=adireshin-da-ake-gani-daga-waje
-Dcom.sun.management.jmxremote.password.file=/hanya/jmxremote.password
-Dcom.sun.management.jmxremote.access.file=/hanya/jmxremote.access
```

Lambar 9010 al'ada ce kawai, kowace ƙofa da ba a amfani da ita za ta yi. Daga can gefe kuma sai a ba JConsole suna da lambar ƙofa, ko cikakken adireshi irin wannan: service:jmx:rmi:///jndi/rmi://uwargarke:9010/jmxrmi.

Layi na biyu da na uku su ne inda kusan kowa ke tuntuɓe, kuma dalilin yana cikin yadda RMI ke aiki. Haɗin ba taku ɗaya ba ne. Ƙofar farko ta rajista ce kawai. Kamar ka je gidan mutum ne, mai gadi ya ce ba ya nan, ya rubuta maka kwatancen inda yake a takarda. Manhajarka za ta karɓi takardar, ta karanta adireshi da lambar ƙofa ta biyu, sannan ta ƙulla sabon haɗi zuwa can. Idan ba ka faɗa masa ba, injin yana zaɓar ƙofa ta biyun ne da ka, kuma duk lokacin da aka sake tayar da shi sai ta canza. Katangar tsaro kuwa ƙofa ɗaya ka buɗe mata. Sakamakon shi ne abin da ya rikita mutane da yawa: ka gwada ƙofar 9010 da telnet ta amsa, amma JConsole ya yi ta jira har ya ce haɗi ya gaza. Saitin rmi.port, wanda ya shigo a Java 7 sabuntawa ta 4, shi ya magance wannan, kuma ya halatta a ba su lamba ɗaya. Kafin zuwansa masu Tomcat suna dogara ne da wani ƙarin sashe mai suna JmxRemoteLifecycleListener, wanda aka cire a Tomcat 10. In ka ga bayanin da ke cewa a sa shi, tsohon bayani ne.

Adireshin da ke cikin takardar ma haka. Injin yana rubuta adireshin da ya san kansa da shi. A na'urar haya da ke bayan NAT, wato mai adireshin cikin gida dabam da wanda ake gani daga waje, wannan na iya zama 10.0.0.5, a cikin kwantenar Docker ya zama wani abu kamar 172.17.0.2, a wasu na'urorin Debian da Ubuntu kuma 127.0.1.1. Babu ɗaya daga cikinsu da kwamfutarka za ta iya kai wa. Aikin java.rmi.server.hostname shi ne ya tilasta wa injin rubuta adireshin da ka zaɓa.

To, a ce duk wannan ya daidaita. Sauran tsaro, kuma a nan ne nake da ja da wannan hanya. Da zarar ka buɗe ƙofar nesa, Java tana kunna neman kalmar sirri da SSL, wato lulluɓe bayanan da ke wucewa, da kanta. Fayil ɗin kalmar sirrin dole ya zama mai shi kaɗai ke iya karantawa, in ba haka ba injin zai ƙi tashi gaba ɗaya. SSL kuma yana buƙatar satifiket a ma'adanar makullai ta uwar garken, da ma'adanar amincewa a kwamfutar duk wanda zai haɗu, sannan akwai saitin registry.ssl na daban da ya kamata a kunna, musamman in an haɗa komai a ƙofa ɗaya. Aiki ne, ba na musu. Shi ya sa mutum ya gaji ya rubuta authenticate=false da ssl=false, ya ce na ɗan lokaci ne. Sai haɗi ya yi aiki, sai saitin ya zauna shekaru.

Ƙofar JMX marar kalmar sirri a kan intanet daidai take da miƙa na'urar ga duk wanda ya wuce. Takardun Java da kansu sun yi gargaɗin cewa wanda ya shiga ta nan zai iya amfani da wani sashe mai suna MLet ya sa injin ya ɗauko lambar shiri daga wani wuri ya gudanar. An cire MLet a Java 23, amma dubi yawan uwar garken da har yau ke kan Java 8, 11 ko 17. Ko da kalmar sirri ma, RMI yana aiko da abubuwan Java ne a dunƙule injin ya warware su, kuma wannan warwarewar ita ce tushen ɓarakar da aka bankaɗo a ƙarshen 2015 ta hanyar Apache Commons Collections, wadda ta shafi WebLogic, WebSphere, JBoss da Jenkins. A 2016 aka gano irinta a JMX kansa, inda ake iya kai hari ta wurin da ake miƙa kalmar sirri tun kafin a duba ta. An toshe waɗannan, an kuma kawo matatar abubuwan da ake warwarewa a Java 9 da Java 8 sabuntawa ta 121. Duk da haka, tarihin ya isa ya sa mutum ya yi taka-tsantsan.

Wani zai ce ai sai a taƙaita ƙofar ga adireshin ofis kaɗai. Ga wanda ke da layin intanet mai tsayayyen adireshi, wannan na da amfani. Amma da yawa daga cikinmu da datar waya ko ɗan akwatin MiFi muke aiki, adireshin yana canzawa, kuma sau da yawa mutane masu yawa ne ke fita da adireshi ɗaya a layin kamfanin waya. Jerin waɗanda aka yarda da su ba ya tsayuwa a irin wannan hali. Yau an buɗe wa wannan, gobe wa wancan, jibi a gaji a buɗe wa kowa.

Inda wannan hanya ta dace shi ne cikin keɓaɓɓiyar hanyar sadarwa, ko bayan VPN. Idan ma'aikatarku tana amfani da manhajar sa ido ta Zabbix, misali, sashensa na Java da wannan yaren yake magana, don haka ba makawa sai an buɗe. A buɗe ga na'urar Zabbix ɗin kaɗai, da asusun karatu zalla.

Bututun SSH

JMX ɗin dai shi ne, RMI ɗin ma shi ne, amma ƙofar ba ta kallon waje. Ana sa java.rmi.server.hostname ya zama 127.0.0.1, a ƙara saitin com.sun.management.jmxremote.host da wannan adireshin domin injin ya saurara a cikin gida kawai, sannan daga kwamfutarka ka ja bututu ta SSH, hanyar shiga na'ura daga nesa a lulluɓe:

```
ssh -N -L 9010:127.0.0.1:9010 suna@uwargarke
```

Sai ka ce wa JConsole ko VisualVM ya haɗu da localhost:9010. Takardar kwatancen za ta ce masa ya je 127.0.0.1 ƙofa ta 9010, ya je, ya sake faɗawa cikin bututun, ya isa. Dabarar ke nan gaba ɗayanta.

Abin da ka samu yana da yawa. Ba ka buɗe sabuwar ƙofa a katanga ba, ta 22 da kake shiga da ita kullum ta wadatar. SSH ya riga ya lulluɓe duk abin da ke wucewa, don haka a nan kashe SSL na JMX ba laifi ba ne, kuma ka huta da rabon satifiket. Wanda aka karɓe makullinsa na SSH ya rasa hanyar JMX a lokaci guda. Adireshinka ya canza sau goma a yini, babu ruwan kowa. Kalmar sirrin JMX kuwa ina ganin a bar ta a kunne, domin duk wani shiri da ke kan na'urar zai iya taɓa 127.0.0.1, har da wata manhajar yanar gizo da aka riga aka kutsa.

Tana da nata ƙayoyin. Lambar ƙofar gefenka dole ta zama daidai da ta can, saboda lambar da ke cikin takardar ba ta canzawa. In kana kula da uwar garke uku kuma duka ka ba su 9010, ba za ka iya kallon biyu a lokaci ɗaya ba. Maganin shi ne tun farko a raba: wannan 9010, wancan 9011, na uku 9012. Na biyu, saitin hostname ɗin ya shafi duk wani amfani da RMI a cikin injin, ba JMX kaɗai ba. Idan manhajar tana magana da wasu na'urori ta RMI, kada ka canza shi. A irin wannan hali a yi amfani da ssh -D 1080, sannan a tayar da JConsole da -J-DsocksProxyHost=localhost da -J-DsocksProxyPort=1080, komai ya bi ta cikin bututun ba tare da an taɓa adireshin ba. Na uku, in layi ya yanke bututu ya mutu, zanen da JConsole ya tara ya katse. Saitin ServerAliveInterval ko shirin autossh suna rage wannan, ba su kawar da shi.

Masu Kubernetes, umarnin kubectl port-forward aiki iri ɗaya yake yi, da sharuɗɗa iri ɗaya: ƙofa ɗaya ga rajista da RMI, hostname ya zama 127.0.0.1.

Akwai wani ƙarin da ba kowa ya sani ba. Ba dole ba ne ƙofar ta zauna a buɗe kullum. Umarnin jcmd, wanda ke cikin kayan aikin Java, yana da ManagementAgent.start da ManagementAgent.stop, waɗanda ke kunna JMX na nesa su kashe shi alhali injin na gudu, ba tare da sake tayar da komai ba. Hostname ɗin ne kaɗai ya kamata a sa tun lokacin tashi. Ka buɗe in za ka yi bincike, ka rufe in ka gama.

In uwar garkenka tana da tata hanyar

Duk bayanin da ya gabata ya fi dacewa da Tomcat, Jetty, da manhajar da ke gudu da kanta. Uwar garken WildFly da ta JBoss EAP suna da nasu tsarin, kuma ya fi na asali hankali. JMX yana bi ta ƙofar gudanarwa ta 9990, ƙofa ɗaya tak, babu takardar kwatance. Adireshin shi ne service:jmx:remote+http://uwargarke:9990, asusun kuma wanda aka ƙirƙira da add-user.sh ne a rukunin masu gudanarwa. Sai dai JConsole a yadda ya zo bai san wannan yaren ba. Dole a tayar da shi ta bin/jconsole.sh da ke cikin WildFly, ko a haɗa masa fayil ɗin jar da ke bin/client. Ka kuma lura da zamani: JBoss AS 7 yana amfani da remoting-jmx a ƙofa ta 9999, WildFly 8 kuma http-remoting-jmx. Rubuta na wani zamani a wani yana daga cikin manyan dalilan gazawar haɗi.

Ƙofar 9990 tana zuwa ne a ɗaure da 127.0.0.1. Ka bar ta haka. Ta nan ake girka sabuwar manhaja a uwar garken, ba ƙofar da za a saki da -bmanagement 0.0.0.0 ba ce. Ja bututun SSH zuwa gare ta, kuma a nan kowace lamba ka zaɓa a gefenka za ta yi. WebLogic shi ma yana da nasa yaren, T3, yawanci a ƙofa ta 7001, da nasa fayil ɗin jar. T3 na cikin waɗanda ɓarakar 2015 ta shafa, shawarar dai ba ta canza ba.

Tomcat ma yana da ɗan abin da ake mantawa da shi. A cikin manhajar manager akwai jmxproxy, wanda ke ba ka damar karanta MBean da curl idan asusunka yana da matsayin manager-jmx. Don duba abu ɗaya cikin gaggawa ya wadatar.

Jolokia

Jolokia, wanda Roland Huß ya fara, wakili ne da ake liƙa wa injin ya mayar da JMX zuwa HTTP da JSON. Yana saurare a ƙofa ta 8778 idan ba a canza ba. Tambayar memori ta zama adireshin yanar gizo kawai, /jolokia/read/java.lang:type=Memory/HeapMemoryUsage, amsa ta dawo a rubutun da Python, JavaScript ko ma ɗan rubutun bash za su iya karantawa. Babu taku biyu, babu rikicin NAT, ana iya ajiye shi bayan nginx ya ci moriyar satifiket ɗin da shafin ke amfani da shi. Yana kuma karɓar tambayoyi da yawa a buƙata ɗaya, abin da ke da daraja a layi mai jinkiri, domin JConsole a kan RMI yana yawan kai da komo, kuma kowane zuwa Turai da dawowa yana da farashinsa. Ga mai son allo akwai Hawtio, wanda ke buɗewa a burawuza. Masu ActiveMQ da yawa suna da Jolokia a na'urarsu ba su ma sani ba, don tare yake zuwa da shafin gudanarwarsa.

Amma kada sauƙin ya rufe maka ido. Jolokia yana karantawa, yana rubutawa, yana gudanar da umarni, duk abin da JMX ke yi. In ba ka rubuta fayil ɗin jolokia-access.xml ka taƙaita shi ba, ka buɗe irin waccan ƙofar ce, kuma a yaren da kowane mai laluben ɓaraka ya iya. Sannan JConsole da VisualVM a yadda suka zo ba sa magana da shi. A ganina wurinsa biyu ne: inda katangar ma'aikata ba ta barin komai sai HTTP, da inda ake son wani shiri da ba na Java ba ya riƙa ba injin umarni. Wanda ba ya cikin ɗayan biyun nan zai iya wucewa.

Prometheus

Duk hanyoyin baya, in da JConsole da ire-irensa ake bin su, suna da rauni ɗaya: sai da mutum a gaban allo. JConsole yana sabunta alƙalumansa duk bayan daƙiƙa 4, amma daga lokacin da ka haɗu yake fara tarawa, kuma in ka rufe kwamfuta ko wuta ta ɗauke, shi ke nan. Uwar garken da ta faɗi ƙarfe uku na dare ba za ta jira ka ba. Da safe tambayar ita ce me ya faru kafin ta faɗi, kuma JConsole ba shi da amsa.

Prometheus, wanda aka fara a kamfanin SoundCloud a 2012 kuma ya shiga gidauniyar CNCF a 2016, don wannan aka gina shi. Ana liƙa wa injin wakilin jmx_exporter da layi ɗaya, -javaagent, a ba shi ƙofa, galibi 9404, da fayil ɗin ƙa'idoji. Wakilin yana karanta MBean daga ciki, ba RMI ko kaɗan, ya baje su a shafin /metrics. Prometheus ya riƙa zuwa yana ɗauka, yawanci duk daƙiƙa 15 ko minti ɗaya, yana ajiyewa na kwana 15 in ba a ƙara ba. Grafana ya zana, Alertmanager ya aiko da saƙo idan wani abu ya haura iyaka. Yoyon memori, wanda ke hawa a hankali cikin kwanaki, a irin wannan zanen kaɗai ake ganinsa sarai: bayan kowace shara memorin yana sauka, amma ba ya komawa inda ya sauka jiya.

Babbar falalarsa ta tsaro ita ce karatu kaɗai yake yi. Wanda ya kai ga ƙofar zai ga alƙaluma, abin da bai kamata a bari ba, amma ba zai iya tsayar da komai ko gudanar da komai ba. Kuɗin da za ka biya shi ne ɗawainiya: ƙarin shiri ko na'ura da za a kula da ita, da zaman rubuta ƙa'idojin da ke zaɓar MBean ɗin da ake so, domin kwashe su duka a kowane zuwa yana iya yi wa babbar uwar garke nauyi. Kuma ba zai nuna maka wane zare ne ya maƙale a wane layi na shiri ba. Zai ce maka zaruruwa 200 duk sun cika tun ƙarfe biyu da rabi. Dalilin cikarsu sai ka shiga da kanka. Masu Spring Boot ba su ma buƙatar wannan wakili, Actuator da Micrometer suna fitar da alƙaluman kai tsaye a /actuator/prometheus.

Wace manhaja a gefenka, da lokacin da ba ka buƙatar haɗi sam

In ka zaɓi bututu, saura abin da za ka sa a bakinsa. JConsole yana cikin kowane JDK, wato kunshin kayan aikin Java, kuma shafinsa na MBean har yau shi ne mafi sauƙin lalube. VisualVM ya fi shi kyan gani da zurfi a kan zaruruwa, yana kuma iya ɗaukar samfurin inda furosesa ke ɓata lokaci ta JMX. An daina haɗa shi da JDK tun daga Java 9, sai an sauko da shi daban, kuma cikakken ma'auninsa a kan kwamfuta ɗaya kawai yake aiki. JDK Mission Control, wanda asalinsa daga JRockit na kamfanin BEA ne kafin Oracle ta saye shi a 2008, shi ne mafi ƙarfi, saboda Flight Recorder, mai naɗar abin da ke faruwa a cikin injin, wanda aka buɗe wa kowa a Java 11.

Flight Recorder ɗin nan ya sa sau da yawa nake ba wanda layinsa ke yankewa shawarar kada ya ƙulla haɗin nesa ko kaɗan. Shiga ta SSH, ka buga jcmd da JFR.start, ka ba shi minti biyu da sunan fayil. Injin zai naɗi abin da ke faruwa a cikinsa da kansa, ko layinka ya yanke ko bai yanke ba. Ka kwaso fayil ɗin da scp, ka buɗe a Mission Control a natse. Haka ma jcmd da Thread.print zai zubo maka halin kowane zare a rubuce. Ka ɗauka sau uku da tazarar 'yan daƙiƙu, ka ga waɗanda ba su motsa ba. Matsalar maƙalewa da yawa a nan take bayyana.

Kwafin memori kuwa a yi hattara da shi. Ko daga nesa ka ba da umarnin, a kan uwar garken fayil ɗin yake sauka, yana iya kai girman memorin da ake amfani da shi, injin kuma yana tsayawa yayin rubuta shi. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne abin da ke ciki. DHIS2, shirin tattara bayanan lafiya wanda Jami'ar Oslo ke jagorantar ginawa kuma ma'aikatun lafiya na Najeriya, Nijar da Ghana ke amfani da shi, a kan Tomcat yake gudu. OpenMRS, shirin ajiye bayanan marasa lafiya, ma haka. Kwafin memorin irin waɗannan na iya ɗauke da bayanan marasa lafiya da kalmomin sirrin rumbun bayanai a fili. Wanda ke da ikon rubutu a JMX yana da ikon fitar da wannan kwafi. Shi ya sa fayil ɗin access yake da matsayi biyu, readonly da readwrite, kuma ba kowa ne ya kamata ya samu na biyun ba.

Idan ni ne da uwar garke ɗaya ko biyu ta Tomcat a na'urar haya, bututun SSH da VisualVM zan fara da su, in ƙara jcmd a hannu, ba zan buɗe komai a katanga ba. Ranar da manhajar ta zama wadda mutane ke dogara da ita, ko aka fara tambayar abin da ya faru jiya da dare, ranar Prometheus ta zo, kuma zai zauna ne tare da bututun, ba a madadinsa ba. Mai WildFly ya bi ƙofar 9990 ta cikin bututu, kada ya wahalar da kansa da saitin RMI. Jolokia sai in katanga ko wani shiri ya tilasta. RMI a buɗe kuwa sai cikin keɓaɓɓiyar hanyar sadarwa, da kalmar sirri da SSL duka a kunne.

Kowacce ka ɗauka, ka tabbatar da idonka bayan ka gama. Buga ss -ltnp a uwar garken ka duba ko ƙofar tana ɗaure da 127.0.0.1 ko kuwa tana sauraren kowa. Za ka iya ganin wata ƙofar java mai baƙuwar lamba, wannan ta haɗin cikin gida ce, kuma a saitinta na asali tana ƙin duk wanda ya zo daga waje. Sannan daga wani layi dabam, ko da datar wayarka ce, ka gwada taɓa 9010, 9990, 8778 da 9404 da nc ko nmap. Idan kwantenar Docker ce, ka yi wannan gwajin ko da shirin katanga na ufw ya ce ƙofar a rufe take, domin Docker yana rubuta nasa ƙa'idojin a iptables, kuma ƙofar da aka fitar da -p 9010:9010 tana iya tsallake ufw. A rubuta -p 127.0.0.1:9010:9010.